Zoben Nomau

A layin maƙeran azurfa na Agadas, idan ka ji an ce wane ya kai kaya wurin kaka, kada ka tsaya tambayar lafiyar tsohuwa, babu wata tsohuwa. Telwa suke nufi, ƙoramar nan da ke gangarowa daga duwatsun Abzin, wadda take kwance a bushe kusan duk shekara, sai da damina ta tashi ta yi abin da ta ga dama. Maƙeri zai ƙera zobe ko munduwa ko kwaɗon kulle jaka irin na Buzaye yau, yana ta ƙyalli, ya haɗa shi da gishirin Bilma da toka da kashin awaki, ya ƙulle a tsumma, ya je ya binne a rairayi mai laima. Bayan wasu watanni ya tono abinsa ya yi baƙi ya dushe, ya tsufa da shekara ɗari. Masu saye ne suka koya musu. Ka miƙa musu sabo su taɓe baki, ka ce na mutanen da ne sai ka ga hannu ya nufi aljihu.

Bahago ya daɗe a wannan harka har ta daina damunsa. Mutum ne gajere mai kaurin wuya da saurin fushi, da hagu yake riƙe guduma, shi ya sa sunansa na yanka ya ɓace tun yana yaro. Aikinsa ba ya ɓuya, domin zanensa a kan azurfa karkata yake yi ta inda na sauran maƙera ba ya karkata.

A bana wani ƙaramin gidan tarihi da ke bakin gari ya shirya baje koli a fili, a gaɓar Telwa, don tunawa da tarihin ƙoramar: rijiyoyinta, lambunanta, da ayarin raƙuman da suka sha ruwanta. Shugaban gidan, Mushe Abdou, wato Malam Abdou a bakin masu Faransanci, ya shiga rediyo ya ce duk mai aikin hannu da duk mai tsohon kaya ya fito, baƙi za su zo har daga Yamai. Maƙera suka ji kamar an yi musu ruwan farko. Shekaru ke nan turawan yawo sun ɗauke ƙafa daga garin, wasu ma har sun sayar da zugazugansu sun tafi haƙar zinariya.

Ana gobe buɗewa, da sassafe, Bahago ya goyo abokin aikinsa Alkasum a babur suka nufi wurin kaka. Wurin yana can sama da lambuna, ƙarƙashin wata goribar da ta sunkuyo kan gaɓa, kuma rabin layin maƙera nan suke binne nasu. Alkasum ya ce bayansa ya riƙe, ya zauna a sama yana gadin hanya. Kullum aka zo tono bayan Alkasum sai ya riƙe.

Bahago ya sauka shi kaɗai. Ya ciro ƙulli ɗaya, ya ciro wani, na ƙarshen ya ƙi ganuwa. Ya yi tsaki ya ƙara nutsawa, yana yaƙuto rairayi ta ƙarƙashin saiwoyin goribar, inda bai taɓa tonawa ba. Hannunsa ya taɓa wani abu siriri mai tauri. Ya ɗauka saiwa ce. Da ya share rairayin sai ya ga ƙasusuwan yatsu a jere, da na tsintsiyar hannu yana shigewa cikin gaɓa. A ɗaya daga cikin yatsun akwai zobe.

Bai yi ihu ba. Ya zare zoben ya goga a gwiwar wandonsa, ya ga jan dutsen da ke kai, ya ga zanen da ya karkata hagu, ya juya cikinsa ya ga ɗigon jan ƙarfen da ya liƙe tsagar da shi. Shi ya ƙera shi. Shi ya gyara shi ranar da igiyar rijiya ta tsaga shi, yana gyarawa yana mita cewa manomin lambu ba shi da haɗi da azurfa. Zoben Nomau ne, mijin ƙanwarsa Souwaiba.

Shekarar babbar ambaliya Nomau ya ɓace. Da safe ruwa ya zo, ya ruga lambu don ya kwance takarkarinsa mai jan guga daga bakin rijiya, daga nan ba a sake ganinsa ba. An tsinci takarkarin a mace can ƙasa, an tsinci gawarwakin wasu, shi ba a same shi ba. A lokacin ne kuma zinariyar Djado, can arewa cikin hamada, ta fara kwashe mazan gari, sai wani ya ce ya hango mai kama da shi a bayan wata mota mai zuwa arewa. Magana ta kama. Bahago na cikin waɗanda suka hura ta, don dama bai so auren ba. Ya sha faɗa a gaban mutane cewa ruwa bai ci kowa ba, talauci ne ya kori rago.

Souwaiba ita kaɗai ta tsaya a kan cewa mijinta ya mutu. Ba ta samu gawa ba, ba a yi masa salla ba, ba wanda ya zo mata gaisuwa, ba ta yi takaba ba. Aka ce ta je wurin alƙali ya sawwaƙe mata, ta ce ba za ta kai ƙarar mamaci ba. Da dukanci ta riƙe 'ya'yanta biyu, tana ɗinka jakunkuna da batta da kuben wuƙa, kuma duk ranar da suka dawo suna kuka an ce ubansu ya gudu, sai ta zaunar da su ta ce ubansu shahidi ne, domin wanda ruwa ya ci shahada ya yi. Abin da take riƙe da shi ke nan a duniya, ba ta da wani.

Yanzu ga gaskiyarta a tafin hannun yayanta. Bahago ya ji kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, ya ji tausayin ƙanwarsa kamar ya fashe da kuka. Ya so ya hau babur ya je ya ɗauko ta yadda take. Sai ya dubi rairayin da ke kewaye da shi. Duk inda ka soka shebur a nan, ƙullin wani maƙeri ne. In ya faɗa, jandarmomi za su zo da shebur, limami zai zo, rabin gari zai zo kallo, a tono sababbin zobba cikin kashin awaki ana gobe za a sayar da 'yan'uwansu da sunan kayan kakanni. Ba shi kaɗai zai tozarta ba, layi guda ne, mutanen da suke ci a akushi ɗaya.

Ya ce a ransa, wanda ya yi shekaru a kwance zai iya ƙara 'yan kwanaki. A gama baje koli, kowa ya zo ya kwashe nasa a asirce, sannan ya kira Souwaiba. Ya yi wa ƙasusuwan addu'a a gurguje, ya mayar da rairayi da hannunsa.

"Ka ga aljani ne a ramin?" in ji Alkasum daga sama. "Rana tana yi, ka hito mu tahi."

Bahago ya hau gaɓa. Alkasum ya buɗe masa bakin buhu, shi kuma ya zuba duk abin da ke hannunsa, kamar yadda ya saba duk lokacin da ya fito daga rami. Sai da suka isa gari ya lalubi aljihu ya ji wayam, ya tuna. Alkasum kuwa ya riga ya wuce gida da buhun don ya ware kaya. Bahago ya ce gobe zai zo da wuri ya tsame abinsa.

Washegari filin ya cika tun hantsi. An kafa rumfuna na tabarmar kaba, an baza tsofaffin gugan fata da igiyoyin rijiya da siraden raƙuma da tukwanen da aka ce an tono a tsohuwar gaɓa. An rataye hotunan ambaliyoyin da suka wuce a jikin igiya, mutane na nuna rufin gidajensu a ciki suna dariya, kamar ba su ne suka kwana a makaranta da tabarma ɗaya ba. Mata na buga tande, gangar turmi ta Buzaye, a gefe. Masu lambu sun kawo albasa da tumatir da rumman. Zafi ya yi zafi, iska ko kaɗan babu.

Bahago ya zo da wuri, amma Mushe Abdou ya riga shi. Ya tarar da shi a bakin rumfarsu da tabarau a goshi, yana juya zoben a hasken rana. Mutumin kirki ne, ba ya cutar kowa, sai dai duk abin da ya yi baƙi yana burge shi.

"Magnifique," in ji shi. "Bahago, wanga ya bambanta da sauran. Dubi yadda ƙasa ta ci shi. Ba za ku saida shi ba yau, a gilashi za mu sa shi, baƙi su gani."

"Mushe, wannan ba na nuni ba ne," in ji Bahago. "An yi kuskure ne."

"Wane kuskure?" Alkasum ya taka masa ƙafa yana murmushi. "Ɗauki, Mushe. Girmanmu ne."

Haka Bahago yana ji yana gani aka ɗauki zoben surukinsa aka shimfiɗa masa jan ƙyalle a cikin akwatin gilashi, a tsakiyar fili. Da manyan baƙi suka iso, Mushe Abdou ya riƙe makirfo ya ce ga zoben wani madugun ayari da ya shayar da raƙumansa a Telwa tun kafin zuwan Nasara. Aka tafa. Wata mata daga Yamai ta ɗauki hoto da salula.

Rumfar Souwaiba tana can ƙarshen layin dukawa. Bahago ya yi ta roƙon Allah ciniki ya riƙe ta a kan tabarmarta. Ciniki bai riƙe ta ba, domin masu saye sun fi son tsoho, ita kuwa ba ta iya tsufar da fata ba. Bayan azahar ta bar wa maƙwabciyarta kaya ta taso ta ga gari. Ya hango ta tana tafe a hankali, siririya, da baƙin mayafinta da ya koɗe, tana tsayawa a gaban kowane hoto. Ta iso akwatin gilashin ta sunkuya. Ta daɗe a sunkuye.

Da ta ɗago, ba ta nemi kowa ba sai shi. Ta zo ta tsaya a bakin rumfarsa. Alkasum na nan, maƙera na rumfunan dama da hagu na nan, Mushe Abdou na tsaye kusa yana yi wa wani baƙo bayanin kwaɗo.

"Yaya," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Zoben can aikinka ne."

"Irinshi na da yawa, Souwaiba."

"Na ga ɗigon jan ƙarfen. A gabana ka liƙe shi, kana zagin mai shi. Na Nomau ne."

Mushe Abdou ya waiwayo da fara'a. "Madame, wanga ya girmi kakanki," ya ce. Ba ta ko dube shi ba.

"Ban zo tona ma asiri ba, Yaya. Ku ce ya shekara dubu, ba ruwana. Abu guda nike tambaya. Ina ka same shi?"

Idanun maƙera duk suna kansa. Alkasum ya daina jera munduwa. Bahago ya buɗe baki bai san abin da zai fito ba, sai bakin ya ba da amsar da ya saba bai wa kowane mai saye tun yana saurayi, amsar da ke fita ba sai an yi tunani ba.

"A hannun wani matafiyi na saye shi. Daga arewa ya hito."

Kafin ya rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Ya ga maganar ta shige ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta dafe ƙirji ba, fuskarta ce kawai ta saki, kamar bangon laka da ruwa ya jiƙa daga ƙasa.

"Arewa," ta ce. "Ashe dai ya kai can. Har ya saida."

"Souwaiba, tsaya."

"Ashe ku kuka yi gaskiya. Ni ce mahaukaciyar." Ta gyara mayafinta. "Kullum ina gaya wa yara ubansu shahidi ne. Allah Shi yahe mini ƙaryar da na ciyar da su."

Ta juya ta koma wajen rumfarta. Alkasum ya sauke numfashi ya ce Allah ya rufa asiri, ya ci gaba da jera kaya. Bahago ya zauna a kan tabarma, ya ji ya tsani kansa, ya tsani layin maƙera da baƙin Yamai da duk wanda ya fara cewa tsohon abu ya fi sabo. Daga inda yake yana hango ta tana ɗaure jakunkunanta ɗaya bayan ɗaya. Ya ce bari baƙi su ragu. Baƙi suka ragu, ya ce bari a yi la'asar. Aka yi la'asar, ya sallame, ya ga ba zai iya kai wannan abu gida ya kwana da shi ba.

"Zan kai ta wurin," ya ce wa Alkasum. "Nomau yana ƙarƙashin goriba. Na gan shi jiya da idona. Ku je ku kwashe kayanku ko ku bari, ni dai yanzu zan kai ta."

Alkasum ya saki baki. Bai kai ga amsawa ba aka ji guɗa daga bakin gaɓa, sai ihu ya biyo, sai kowa ya miƙe.

"Telwa ta zo! Telwa ta zo!"

Ko ɗigo bai sauka a gari ba. Can kan duwatsu ne sama ta yi baƙi, an yi ruwan a inda ba wanda ya gani. Mutane suka bar rumfuna suka ruga tarbar ruwan farko kamar yadda aka saba, mata na guɗa, tsofaffi na hamdala, masu lambu na rungumar juna. Mushe Abdou ya riƙe makirfo cike da murna, yana cewa ƙoramar da kanta ta zo bikinta. Kan ruwan ya iso yana tura kumfa da karmami da kashin raƙuma, a hankali, har wasu na tafiya a gabansa suna taɓa shi suna shafa a fuska. Bayansa kuwa ja ne, mai kauri, yana ruri.

Bahago ya haye babur ya bi gaɓa ya yi sama, yana ratsa shingayen lambu, ƙaya na yagar ƙafarsa. Ya tarar ruwa ya riga shi. Ya cika ƙoramar baki da baki, yana cin gindin gaɓar yana yankowa gutsure gutsure. Goribar ta ƙara sunkuyawa, ta tsaya kamar za ta jure, sannan ta kwanta cikin ruwan tare da duk ƙasar da take riƙe da ita. Ya bi ta da ido har ta sha kwana. Inda ya durƙusa jiya ya zama tsakiyar ruwa. Ya san halin Telwa, in ta janye ba za ta bar rairayi ɗaya a inda ta same shi ba, abin da ta ɗauka kuma sai ta kai shi can cikin daji ta shimfiɗa masa wani sabon rairayin.

Ya dawo filin yana tura babur. Ana ta kaɗe-kaɗe. Maƙera sun taru gefe guda suna jajanta wa juna kayan da suka tafi, Alkasum har da hawaye. Souwaiba tana zaune a kan ƙullin kayanta nesa da taro, ta ba ruwan baya. Tun shekarar ambaliya ba ta fasa zuwa tarbarsa ba, tana tsayawa tana duban abin da ya ɗauko. Yau ba ta ko waiwaya ba.

Ya durƙusa a gabanta, shi da bai taɓa durƙusa wa ƙanwa ba.

"Souwaiba, ƙarya na yi miki. Babu wani matafiyi. A yatsanshi na zare zoben, jiya da sahe, a cikin gaɓa, wurin da muke binne kaya. Nomau ya rasu tun ranar. Ke ce mai gaskiya."

Ta dube shi. "Ina wurin?"

"Ruwa ya tahi da shi. Yanzun nan, a gabana."

"Wa ya gani bayan kai?"

"Ni kaɗai na sauka ramin."

Ta kalle shi, da yagaggen wandonsa da jini a ƙafarsa. Sai ta yi ɗan murmushi, irin wanda ba ta yi masa ba tun suna yara, abin da ya fi zagi ciwo.

"Allah Shi saka maka, Yaya," ta ce. "Na san tausayina ka ji. Shekara da shekaru kana gaya mini gaskiya ina jin haushinka, yau kuma da na yarda, ka zo ka rarrashe ni da gawar da ruwa ya ɗauke yanzun nan. Ni ba mai saye ba ce, ba sai ka haɗa mini labari ba."

"Wallahi, Souwaiba. Kawo Alƙur'ani in dafa."

"Kada ka yi rantsuwa saboda ni, kana da iyali." Ta miƙe ta ɗaura mayafinta a ƙugu. "Gobe ka raka ni wurin alƙali, ka hwaɗa mishi abin da ka hwaɗa a gaban mutane. Yaran kuma ni zan gaya musu da bakina. Taya ni."

Ta kama ƙullin ta gefe ɗaya tana jiransa. Bahago ya kama ɗaya gefen ya ɗora mata a ka.